Iccen da Na Hana Jin Sanyi

Gwandu, ranar Laraba bayan La'asar.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin mota, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya naɗe maka nisan tafiya, Ya sauke ka a Gembu cikin mutanen kirki. Amin.

Na ce da innarka ta cusa takardar a aljihun jakarka, kada ta ba ka hannu da hannu, don ba na son ka buɗe ta ina tsaye. Ka san ni. Sunan mahaifina ka ci, ko sunan naka ban iya kamawa, balle in zaunar da kai in ce na yi kuskure ina kallon ƙwayar idonka. Ga takarda dai, ita ba ta da ido.

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga zaure na fito, na je bakin kasuwa ban sayi komai ba, na dawo gida sai na tarar na bar hulata a masallaci. Innarka ta dube ni ta ce, "Alhaji, in ba ka zamna ba, ƙafafunka za su riga yaron isa Mambila." Na ce mata ba ruwanta. Amma gaskiyarta. Gobe da safe za ka hau mota ka tafi aikin ɗakin gwaje-gwaje a asibitin Gembu, can kan dutsen Mambila, garin da aka ce sanyi ba ya tafiya hutu, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya.

Za ka ga na ɗaura maka wani abu a jikin kayanka, dogon icce ba ganye, gindinsa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Yaran tasha za su yi maka dariya, su ce wa ke kai makamashi Mambila. Ka ƙyale su. Mishmish ɗin bayan gida ne, wanda innarka take kira autan Alhaji. Yau na datse rassansa na tono shi. Ka taso kana ganinsa, amma rabin labarinsa ka sani, kuma rabin da ba ka sani ba shi ne ya shafe ka.

Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, wata rana bayan Azahar ina zaune a harabar masallacin Madina, wani tsoho ya zauna kusa da ni. Farin gemu, fuska ja wur, ga wata riga mai kauri a jikinsa cikin wannan zafi. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Larabci, ni kuma ban ma san daga wace ƙasa ya fito ba. Na ɓara goro na miƙa masa. Ya gatsa, ya yamutsa fuska kamar an mare shi, muka fashe da dariya. Sai ya kwance wata jakar ƙyalle ya cika mini tafin hannu biyu da busassun 'ya'yan itace, ruwan ɗorawa, masu laushi kamar dabino, ga zaƙi ga ɗan tsami, kowane da ƙwallo a ciki. Daga baya malamin ayarinmu ya ce Larabawa mishmish suke ce masa.

Da tsohon ya ga na juya ƙwallon ina dubawa, ya gane manomi ne ni. Ya karɓa, ya yi alamar tona ƙasa, ya yi alamar binnewa, ya ɗaga hannu a hankali alamar icce ya tashi. Sannan ya rungume kansa ya shiga karkarwa, haƙora na kaɗawa, yana nuna ƙwallon yana gyaɗa kai. Ya sake yi, ya ƙara sakewa. Ni ma na gyaɗa kai na ce, "Na gane, na gane. Ba ya son sanyi."

Wallahi ban gane komai ba.

Bawan Allah cewa yake iccen ɗan sanyi ne, cikin sanyi aka haife shi, sai ya sha sanyi yake yi. Ni na juya maganar baya ta koma gaba, na ɗauko ta haka har Gwandu ina taƙama. Kuma abin haushi, malamin ayarin yana nan kusa, ga mutane iri-iri suna wucewa, da na tsaya neman mai fassara da an samu. Kunyar a ce ban gane ba ta hana ni. To ka ji. Inda za ka, za a yi maka magana da harsunan da ba ka taɓa ji ba, Fillancin da kake ji kuma bai wuce a gaisa a rabu ba. Kada ka gyaɗa kai don a ce kana da saurin fahimta. Ka ce a maimaita. In an maimaita ba ka gane ba, ka nemo wanda zai fassara, ko da za a yi maka kallon baƙauye. Balle kai da jinin mutane za a riƙa miƙo maka ka duba.

Da na dawo na raba tsaraba, na ware ƙwallayen na shuka a bayan gida, wajen rijiya. Taki na zuba, ban ruwa safe da yamma. Shiru. Na tona na duba, suna nan yadda na sa su, kamar tsakuwa. Na ce to, ƙasar Gwandu ba ta karɓe su ba.

Ashe akwai ragowa a Kalgo. Na kai wa ƙanwata, Gwaggonka Luba, nata rabon, na ce in ta ci ta aje mini ƙwallayen. Ka san ta da sana'ar zoɓo da ƙanƙara, firij ɗinta ba ya hutawa. Ta tara ƙwallayen cikin wani jiƙaƙƙen tsumma ta jefa can ƙasan firij, ta manta da su watanni. Ran da ta tashi wanke firij ta watsar da su gindin randa. Ba a jima ba ta aiko mini: "Yaya, taho ka kwashe ɗiyanka, sun tsiro mini a tsakar gida."

Na je na gani da idona, 'yan tsirai masu jan baki sun fito reras. Me kake tsammani na ce? Na ce ƙasar Kalgo ce! Ban tambaye ta ina ta aje su ba, ban tambayi me ya same su kafin su faɗi nan ba. Ƙasa na gani, ƙasa na yaba. Na sa aka haƙa mini tsakar gidanta na cika buhuna, har sai da ta ce in bar mata wurin taka ƙafa. A tashar Birnin Kebbi kwandasta ya ɗaga buhu ɗaya ya kusa zama, ya ce, "Alhaji, mi ac ciki?" Na ce ƙasa. Ya ce, "Ikon Allah! Gwandu ƙasa ta ƙare?" Duk motar aka yi ta dariya, ni kuwa na haɗe fuska, ina ganin su ne ba su san komai ba. Kuma ba tafiya ɗaya na yi ba.

In abu ya yi kyau a hannunka, ko ya ɓaci, kada ka cafke abin da idonka ya fara sauka a kai ka ce shi ne dalili. Ka tambayi ina ya kwana kafin ya iso gare ka. Haka mutane ma. Za ka tarar da wani mai zafin rai a wurin aiki, wani mai sanyin jiki, kada ka yanke musu hukunci ran farko.

Bari in je in duba buhun, kada ya bushe.

Na dawo. Yana nan da danshinsa, na dai ƙara yayyafa masa. Innarka ta ce wannan ne zuwa na nawa, na ce ban ƙirga ba. Ina muka tsaya? Tsiran nan.

Na dasa su, kuma da hannuna na rage su. Ɗaya akuya ta cinye, wannan ba laifina ba ne, laifin wanda ya bar ƙofar baya a buɗe ne, kuma har yau innarka ta ƙi amsawa. Ɗaya kuwa ƙauna ta kashe shi. Na yi masa kwari a gindi kamar yadda muke yi wa mangwaro, ina tuttula ruwa, damina ta zo ta ƙara nata, saiwar ta ruɓe. Da na tuge shi wari ya bugo ni. Saura biyu suka kama, suka tashi har ƙuguna, ganye shar. Ina fitowa daga masallaci wajensu nake fara zuwa kafin in gaisa da kowa a gidan.

Sai ɗari ya shigo. Ganyen ya yi rawaya, ya fara zuba. Kafin in ankara sun zama tsinke. Kai, ranar na ji abin da na ji! Na tuna tsohon Madina yana karkarwa, na ce shi ke nan, abin da ya gargaɗe ni ke nan, sanyi ya kashe su. Cikin ɓacin rai na ɗauko adda na sare ɗaya daga gindi. Innarka tana tsaye da tsintsiya, ta ɗauki guntun ta duba ta ce, "Alhaji, wanga icce ɗanye na." Na karɓa. Kore shar a ciki, har da ruwa-ruwa. Barci yake yi na yanka shi.

Ba zan ɓoye maka ba, na shiga ɗaki na zauna, abincin rana ma ban ci ba.

Wannan ka riƙe shi da kyau, don zai zo maka a kan iccen, zai kuma zo maka a kan kanka. In ka ga ya zubar da ganye, kada ka kira ni kana cewa ya mutu. Ka sa farce ka ɗan kankare ɓawon. In ka ga kore, ka juya ka tafi harkarka. Kai ma akwai watannin da za ka ji kamar ba abin da ke motsi a rayuwarka, ba aboki, ba ci gaba, abincinsu bai yi maka ba, ruwa yana ta zuba ba ranar tsayawa. Kada ka ɗauki adda a irin wannan lokaci. Kada ka ajiye aiki, kada ka yanke zumunci da kowa, kada ka yanke wata babbar shawara. Ka yi sallarka, ka ci abin da ya samu, ka jira.

Kana tsammani bayan wannan na yi hankali? Ina! Cewa na yi Allah Ya so ni, sanyi ya kusa kashe su ne bai ƙarasa ba, ɗayan da ya rage kuwa ba zai ƙara jin sanyi ba muddin ina numfashi. Daga nan aka shiga abin da ka taso kana gani. Da iska ta fara juyawa sai in kewaye shi da zana, in naɗe gangar da buhu, in rufa masa tsohon bargona. In Magariba ta gabato in kai masa kaskon garwashi in aje kusa, kamar mai jego. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Gwaggonka ta zo ganin gida ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, saura ka yi mishi kunun kanwa." Ni ko a jikina.

Shi kuma iccen ya rikice. Ba ya barci sosai, ba ya farkawa sosai. Ganye ya zube rabi ya bar rabi, sabon toho ya fito a wahale. Shekara ta bi shekara, ko fure ɗaya. Kuma ka dubi wanda ke wannan aiki: ni, da na ƙare ƙuruciyata a fadamar Dalijan ina noman albasa, ina roƙon Allah Ya kawo ɗari mai ƙarfi don ta yi kai. Na san akwai shukar da sanyi ne abincinta. Na sani sarai. Amma da abin ya zo kan wanda nake so, sai sanin ya gudu ya bar ni da tsoro.

To, Babana, ga inda nake ta kewaye-kewaye ban iso ba.

Cikin ɗari aka haife ka. Ba ka yi arba'in ba ƙirjinka ya fara kuka kamar usur, muka kwashe ka sai asibiti a Birnin Kebbi. Na tsaya a kanka ina kallon haƙarƙarinka yana shiga yana fita, na yi wa kaina alkawarin da ba wanda ya tambaye ni. Allah Ya ba ka lafiya, likita ma ya ce yawancin yara suna girma su bar abin, a dai kula. Ni "a dai kula" kawai na ji. Hula mai kunne, rigar sanyi kan rigar sanyi, ba wanka da safe, ba zuwa fadama ban ruwa tare da yayyenka, ba wasa cikin ruwan sama. Har yaran unguwa suka laƙaba maka Ɗan Bargo. Ka dawo gida kana kuka, ni kuwa na fita da sanda neman yaran, maimakon in cire maka bargon.

Da ka gama sakandare ka sami gurbin karatu a Jos. Na ga yadda ka shigo da takardar, kana ƙoƙarin ɓoye murna tana fitowa ta kunnuwanka. Na ce Jos? Garin da ake cewa ruwan randa yana cizon haƙori? Ba inda za ka. Ga jami'a nan Kalgo, ga gidan gwaggonka, in ka yi atishawa kafin ka rufe baki na iso. Innarka ta yi magana, na ce ta yi shiru. Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba."

Wannan "To, Baba" taka ta fi kowace gardama yi mini ciwo yanzu. A lokacin daɗi ta yi mini, na ce ɗana mai biyayya ne. Ban tsaya na duba me ta ci maka ba.

Kana tuna hutun shekararka ta ƙarshe, ran da ka same ni ina ɗaure zana? Ka tsaya nesa kaɗan, ka sa hannu a baya, ka ce, "Baba, na karanta labarin iccen nan. Ba tsoron sanyi yake ba, nemansa yake. In bai sha sanyi ya yi barci ba, ba ya fure." Na juyo na ce, "Kai ka je Madina ko ni?" Ka ce, "To, Baba." Ka kama mini bakin igiyar muka ƙarasa ɗaurin tare.

Abin da ba ka sani ba shi ne, kana komawa Kalgo na kwance zanar. Maganarka ta hana ni sakat. Na riƙa maimaita karkarwar tsohon nan a raina, sai na tuna ashe yana yi yana murmushi, yana gyaɗa kai. Wa ke gargaɗi yana murmushi? Innarka ta fito ta ga iccen tsirara ta ce, "Yau autan naka ba a ba shi bargo?" Na ce ɓeraye sun cinye bargon. Ta ce, "Ɓerayen sun kyauta, har sun ninke shi sun aje kan gado."

Ɗarin shekarar ya yi ƙarfi, albasa ta yi kyau ko'ina. Iccen ya zubar da ganye ƙaf. Na yi ta zarya, ina kankare ɓawo ina dubawa, har jikinsa ya yi tabo, za ka ga tabban in ka duba. Sau da yawa na ɗauko bargon na kai bakin ƙofa na mayar. Rannan da hantsi ina zaure, sai na ji innarka tana kwala kira, "Alhaji! Alhaji, taho ka gani!" Na fito ba takalmi. Fure ne, Babana. Fari da ɗan ja-ja, a kan busasshen reshe, ko ganye bai fito ba. Duka-duka ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya, hawaye suna zubo mini a gaban matata, ban ma damu ba.

Zafi ya shigo da wuri ya kakkaɓe su, ko ɗa ɗaya bai ƙulla ba. Amma na ga abin da na gani. Na hau mota na je Kalgo na tambayi gwaggonka tambayar da ta kamata in yi tun farko, ina ta aje ƙwallayen nan. Ta ce cikin firij mana. Ta dube ni, na dube ta, ta fashe da dariya har ta zauna ƙasa tana cewa, "To a maido mini ƙasar tsakar gidana!" Kana ɗaki a gidanta ranar, kana karatun jarrabawa. Na hana ta gaya maka, na hana innarka. Girman kai ne, ba wani abu ba. Yau na faɗa: kai ke da gaskiya.

Sanyin Gwandu ba ya isarsa. Wata biyu ne ya wuce, sai rana ta dawo da fushinta. Bazarar bara ta kusa gamawa da shi, ɓawon ya tsattsage yana fitar da ƙaro. Na tabbata ba zai ƙetare wata bazarar a nan ba. Ko ya tafi ko ya mutu a hannuna, ina kallo ina ba shi ruwa. Shi ya sa na tono shi yanzu da yake barci, don an ce a haka ya fi jure tafiya.

Ban sani ba ko sanyin Mambila zai ishe shi. Wataƙila na ƙasar tsohon nan ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma ya fi na bayan gidana. A hanya, duk inda kuka tsaya salla ka yayyafa wa buhun ruwa, kada ka bari a danne shi da kaya ko a aje shi kusa da inji. In ka isa kada ka ce sai ka huta, ka nemi izinin mai gidan da za ka zauna ka dasa shi. An ce can ruwan sama ba ya wasa, saboda haka ka nemi gangare inda ruwa ba ya kwanciya, inda rana take samu. Ka tara masa ƙasa ta yi tudu, kada ka yi masa kwari irin nawa. Zurfinsa ya tsaya daidai inda ka ga alamar tsohuwar ƙasa a jikinsa. Taki kaɗan, wanda ya ruɓe. Ka kewaye shi saboda dabbobi, na ji shanun can sun fi mutanen yawa. Ban da wannan kada ka rufa masa komai. Kuma kada ka ɗauki ƙasar Kalgo, ta can ma ƙasa ce.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni zama tun safe.

Da takardar aikinka ta fito na yi maka murna a baki. Washegari na tafi Kalgo ban gaya wa kowa ba. Akwai wani maƙwabcin gwaggonka da ya buɗe ƙaramin asibiti, na same shi na roƙa maka gurbi. Ya ce ƙofa a buɗe take, duk ran da ka so ka zo. Na dawo da niyyar in ce ka fasa Gembu. Na shigo ta bayan gida na ga iccen, sai bakina ya mutu. Ban ce maka komai ba. Amma kuma ban koma na ce wa mutumin na fasa ba. Na kasa. Gurbin yana nan, kuma na san dalilin da ya sa na bar shi.

Na san kaina, Babana. Yau ina da ƙarfin rubuta wannan. Amma wata rana zan kira ka, in ji muryarka ta shaƙe, ka yi tari sau ɗaya, sai duk abin da na rubuta a nan ya bi iska. Zan ce ka tattaro kayanka. Zan kawo maka zancen Kalgo, in ce gwaggonka ta gyara maka ɗaki. Zan ce na tsufa, zan ce ƙafata, zan ce wa zai kai ni asibiti. Wataƙila har in yi fushi in ce ka zaɓi dutse ka bar ubanka. Na iya wannan, ka sani.

Ranar, ka gaishe ni da ladabi yadda ka saba, ka bar ni in gama. Sannan ka ce, "A'a, Baba."

Na yafe maka wannan a'ar tun yanzu, duniya da lahira. Ba saɓa mini ka yi ba, umarnina ka bi, na yau, wanda na ba ka ina cikin hankalina. In na musa, ka karanta mini takardar nan ta waya.

Ba cewa na yi ka yi wasa da lafiyarka ba. Maganin shaƙarka yana cikin jaka, ka sa rigar sanyi in ana sanyi, kai ba icce ba ne. In ƙirjin ya tashi, a asibiti kake aiki, ka je likita ya duba ka, abin da ya ce shi za a bi, ba abin da tsorona ya ce ba. In kuwa innarka ce ta kira ta ce ka taho, to ka taho ko cikin ruwa ne, don ita ba ta kira a banza. Ka riƙe salla a kan lokaci, ka nemi masallacin unguwa tun ranar farko, ka gaida manya, ka ci abincin mutane in sun ba ka ko bai yi maka daɗi ba. Tsohon nan ma ya haɗiye gorona.

An fara kiran Magariba, ga shi ban ma ɗauko hular ba. Innarka tana gaishe ka, ko da yake kana ɗaki kana haɗa kaya, ina jin motsinka daga nan. Ta leƙo yanzu ta ce in sa a cike ramin bayan gida kafin wani ya karye a ciki. Na ce gobe. Ta ce wace goben. Hannuna ya saba, Babana. Ɗazu ina wucewa na ga na ɗauko bokiti na cika shi, na isa bakin ramin, na tsaya da ruwa a hannu ba wanda zan ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ƙirjinka ƙarfi, Ya sa ƙasar can ta karɓe ku ku biyu. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama da duniya lafiya. In ya yi fure ka ɗauko hoto ka aiko wa innarka, za ta nuna mini. In ya ƙulla, ka ci na farko kai da kanka, ka aje mini ƙwallon a firij.

Bargon kuma na cusa shi ƙasan jakarka. Na yi ƙoƙarin bari, na kasa. Kai ka rufa, kada ka rufa masa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.